Shinkafa da lemun tsami: kaɗan mai daɗi ta hi tuli



Yau maganar tukunya za mu yi. Kada namiji ya ce wannan darasi na mata ne, ya wuce shi. Kai ne kake auno shinkafa. Kai ne kake ba da kuɗin cefane. Kai ne kuma kake fara sa hannu cikin kwano. Saboda haka maganar ta shahe ka.

Ga ra'ayina tun da farko. Shinkafa ba cikakken abinci ba ce ita kaɗai. Abokiyar ci ce. A rage yawanta, a gyara ta da lemun tsami da kayan yaji na kasuwarmu, sannan a aza ta gehen wake, ko zogala, ko kihi. Wanda ya yi haka, aljihunsa zai huta, jikin iyalinsa kuma zai samu abin da yake bukata. Bari in kawo maka dalilai, kai ma ka auna.

Ƙaƙa shinkafa ta hau kan tuwo?

Iyayenmu da hatsi da dawa suka tashi. Tuwo da dare, hura da rana. Shinkafa sai ranar salla, ko suna, ko biki, ko in babban baƙo ya sauka. Yau a Yamai, da Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, gidaje da yawa ba su wuni ba su ɗora ta ba. Ƙauyuka ma sun bi sawu.

Ba na ganin laihin mata. Hatsi yana son sussuka, da surhe, da wanki, da daka ko kai niƙa. Shinkafa kuwa sai a tsince, a wanke, a zuba. Kahin rabin awa ta nuna. Ba ta cin itace da yawa. Macen da ta ɗebo ruwa, ta yi wanki, ta je kasuwa, dole ta so abin da zai rage mata wahala.

Abin da nike ƙi shi ne yadda muke cin ta. A cika tire da farar shinkafa har ta yi tudu. A kwarara mai. A marmasa dunƙule, wannan da muke kira magi ko wane iri ne. A barbaɗa ɗan yaji. Shi ke nan, an yi abincin rana. Ciki ya cika, amma kahin la'asar yara sun fara kewayar madafa. Ana yi ma rogo kallon kitse.

Mi ke cikin farar shinkafa?

Ƙwayar shinkafa tana da riga, wato dusa. Cikin dusar nan ne mahi yawan bitamin ɗinta yake, musamman wanda likitoci ke kira B1, da wani kashi na sinadarin ƙarhe. Injin casa yana goge dusar har ƙwayar ta yi fari fat. Abin da ya rage yana ba da ƙarhin yin aiki, wannan gaskiya ne. Amma ba ya gina jiki sosai, ba ya ƙara jini sosai.

Sinadarin ƙarhe shi ne jiki ke yin jini da shi. Hatsinmu ya hi farar shinkafa wannan sinadari nesa ba kusa ba. Wake ma haka, zogala ma haka. Ƙasarmu tana cikin manyan masu noman wake na duniya. Muna loda shi a mota ana kai shi Najeriya, mu kuma mu sayi farar shinkafa mu ci tsura. Wannan ciniki bai yi ba.

Ka san ƙarancin jini ya yi yawa ga mata masu ciki da yara ƙanana a ƙasar nan. Alamunsa: kasala, jiri, haki daga ɗan aiki kaɗan, cikin fatar ido da tahin hannu su yi fari. Ba abinci kaɗai ke kawo shi ba. Masassarar cizon sauro da tsutsar ciki ma suna shanye jini, kuma waɗannan sai an je likita. Amma abincin kullum, wannan a hannunmu yake.

Aikin lemun tsami

Ga wani abu da ya kamata kowa ya riƙe. Sinadarin ƙarhe na cikin nama da hanta yana shiga jiki da sauƙi. Na cikin wake da ganye kuwa yana da wuyar shiga. Mahi yawansa wucewa yake yi. In an ci shi tare da bitamin C, sai hanji ya ɗauki kashi mai yawa. Lemun tsami kuwa yana da bitamin C.

Ke nan lemu kamar ɗan rakiya ne. Wake ya zo da kaya, lemu ya buɗe mashi ƙofa. Talakan da ba ya samun nama kullum shi ya hi kowa bukatar sanin wannan.

Aikinsa na biyu ga harshe yake. Tsami yana tada ɗanɗano. Abincin da aka matsa ma lemu ba ya neman gishiri da yawa. Mai gasa kihi a bakin kogi ya san haka, mai tsire ma ya sani.

Kuma ba mu ne farau ba. Mutanen Senegal suna da wani abinci da suke kira yasa: albasa mai yawa da lemun tsami da kaza ko kihi, a ci da shinkafa. A kudancin Indiya suna dafa shinkafa da lemun tsami da gangamau da soyayyar gyaɗa. Alhazanmu sun ci shinkafar Larabawa wadda ake jefa ma busasshen lemu da kanumfari. Duk abin da waɗannan mutane ke sawa, kusan dukansa yana nan kasuwarmu.

Daga ina shinkafar take zuwa?

Muna noma shinkafa. Ana noma ta a bakin kogin Isa, wanda wasu ke kira Kwara: Tilaberi, Yamai, Kolo, Sayi, har Gaya. A 1978 gwamnati ta kafa ma'aikatar ONAHA don kula da gandayen noman ban ruwa. Akwai kuma kamfanin RINI da aka kafa don sayen shinkafar manoma da cashe ta. Duk da haka, abin da muke nomawa bai kai abin da muke ci ba. Mahi yawan buhunan da kake gani a kanti daga ƙasashen Asiya suke zuwa, kamar Indiya da Tailan da Pakistan. Jirgin ruwa ya kawo su gaɓar teku, mota ta ɗauko su ta yi kwana da kwanaki bisa hanya.

Abin da ya zo daga nesa, farashinsa ba a hannunka yake ba. Manya suna tune da watan Janairu na 1994, lokacin da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. Kayan waje duka suka yi tashin gwauron zabo. A 2008 shinkafa ta yi tsada a duniya baki ɗaya, muka ji a jikinmu. A 2023 ƙungiyar CEDEAO ta sa ma ƙasarmu takunkumi, hanyar Kwatano ta ruhe. Cikin shekarar nan kuma Indiya ta hana hitar da wani kashi na farar shinkafarta. Kowa ya ga inda kuɗin buhu ya kai.

To, gidan da ya maida shinkafa uwar abinci, duk ranar da hanya ta ruhe tukunyarsa ta shiga uku. Gidan da yake cin ta kaɗan, gehen wake da ganye, tare da tuwonsa da hurarsa, girgizar ba ta kada shi.

Yanzu dubi kayan gyaran. Albasar Galmi, wadda sunanta ya kai har bakin teku. Tattasan Difa, na bakin Komadugu. Tafarnuwa da lemun zaƙi na garakan Ayar, wajen Timiya. Man gyaɗa na matan Maraɗi da Damagaram. Lemun tsami kuwa, garake da yawa suna da shi, wani ma a tsakar gidansa iccen yake. Dalar da ka kashe wajen waɗannan, mahi yawanta gida take zama.

Mu yi lissahin dunƙule

Ka iya lissahi yanzu, ɗauko alli. A ce dunƙule guda dala 5 ne. A ce gidanka ana sa 4 a wuni, 2 da rana, 2 da dare. Dala 20 ke nan. A wata, dala 600, wato jika 3. A shekara, jika 36. In farashin garinku ya bambanta, sa naka ka sake bugawa. In an rage rabi kawai, jika 18 sun dawo aljihu. Lemu nawa za su saya? Tiyar wake nawa?

Ba kuɗi kaɗai ba ne. Dunƙule, wajen rabinsa gishiri ne. Mukan sa shi, mu kuma ƙara gishiri bisa. Hukumar lahiya ta duniya, OMS, ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a wuni. Wajen ƙaramin cokali guda ke nan, a haɗa da na cikin miya, da na yaji, da na burodi. Gishiri mai yawa yana kawo hawan jini, wanda muke kira tansiyo. Tansiyo kuwa ba ta sallama. Sai dai a ji wane ya faɗi, rabin jikinsa ya mutu.

Ban ce dunƙule haramun ne ba. Na ce ya zama sarki a tukunya, har yaranmu ba su san ɗanɗanon komi ba sai nashi. Miyar kuka, da dafa-duka, da dambu, duk sun koma baki ɗaya. Kakanninmu da daudawa da citta da kimba suka yi girki, kuma ba a bar masu kwano da saura ba.

Ga yadda ake dafa ta

Wannan awo na gida mai mutum 6 ne, in akwai wake ko wani mahaɗi a gehe. Awon da gwangwani guda za a yi shi, na shinkafa da na ruwa duka.

Kayan da ake bukata: shinkafa gwangwani 2. Ruwa gwangwani 4. Man gyaɗa babban cokali 3. Albasa babba 1. Tafarnuwa ƙwaya 3. Citta ɗan yanki kamar kan yatsa. Kanumfari ƙwaya 3. Masoro kaɗan. Tonka 1, ko rabi in akwai yara. Gishiri ƙaramin cokali 1, mai iyod, wanda ke tsare maƙoƙo. Lemun tsami 2.

1. Ki tsince shinkafa, ki wanke, ki tsane ta cikin kwando.

2. Ki wanke lemu da kyau. Ki kankare koren bayan guda ɗaya da wuƙa, sama-sama. Ƙamshin yana cikin koren. Farin da ke ƙarƙashi ɗaci gare shi, kada ki taɓa shi.

3. Ki daka tafarnuwa da citta da masoro da tonka wuri guda.

4. Ki zuba mai a tukunya. Ki soya albasa har ta yi taushi, ta fara ja. Ki zuba dakakken yaji da kanumfari, ki motsa kaɗan. Da kin ji ƙamshi ya tashi, ya isa. In tafarnuwa ta ƙone, ɗaci take yi.

5. Ki zuba shinkafa cikin man, ki juya har kowace ƙwaya ta sha mai. Wannan ne ke sa ta yi warwar.

6. Ki zuba ruwa da gishiri da ɓawon lemun da kika kankare. In ta tafasa, ki janye itace, ki bar garwashi. Ki ruhe tukunya da kyau. Minti 20, kada ki buɗe, kada ki motsa.

7. Ki sauke. Ki bar ta ruhe kamar minti 5, ta huce da tururinta.

8. Ki juye cikin kwano. Yanzu ne za ki matsa ruwan lemu, ki tsame ƴaƴan, ki juya a hankali. Ki fara da guda ɗaya, ki ɗanɗana, sannan ki ƙara.

Domi sai an sauke ake sa ruwan lemu? Domin wuta tana kashe bitamin C. In kin zuba shi tun farko, tsamin zai rage, amfanin ya tahi. Kuma tsami ba ya shiri da tukunyar alminiyom, irin wadda maƙeranmu ke zubawa. In ya daɗe ciki, abinci yakan ɗauki ɗanɗanon ƙarhe.

Shinkafa iri-iri ce. Sabuwa ta gida ba ta shan ruwa kamar tsohuwa. Wadda aka turara kahin a cashe ta tana son ruwa da wuta kaɗan hiye da fara, amma ta hi ta riƙe bitamin. In kin same ta, ki ɗauka. Dahuwa biyu ta isa ki gane awon irin taki.

Da mi za a ci ta?

Nan ne zancen yake. Ki raba tire uku a ido. Kashi ɗaya shinkafa. Kashi ɗaya wake. Kashi ɗaya ganye: dafaffen zogala da ƙuli-ƙuli, ko kabeji, ko alayyaho, ko salati da tumatur lokacin sanyi da kayan garka suke araha. Ranar da Allah ya hore, a sa kihi, ko ƙwan zabo, ko ɗan nama. Kabewa ma tana shiga, dankali ma yana shiga.

Gwangwani 2 da a da ba su isa mutum 4 ba, yanzu sun ciyar da 6, kuma ƙoshin ya hi daɗewa, don wake yana zama a ciki.

Masu cewa a'a

Na san abin da za a ce, don a ajinmu na yaƙi da jahilci ana faɗinsa.

Wani ya ce: "Malam, lemun tsami yana tsinka jini." Wannan magana ta daɗe tana yawo, amma ba ta da tushe. Lemu guda ko biyu cikin abincin mutum 6 ba ya tsinka jinin kowa, ba ya rage ma namiji komi. Taimakon jini ma yake yi, kamar yadda muka gani. Wanda ke da gyambon ciki ko ƙwannahi, in ya ga tsami yana tada mashi ciwo, a ɗebe mashi nashi kahin a matsa.

Wata ta ce: "Mai gida in bai ga tudu ba, cewa zai yi na yi rowa." To, mai gida, da kai nike. Girman tudu ba shi ne girman gida ba. Tiren yana nan cike, abin da ke ciki ne ya canza. Ka ba shi mako biyu. Gani ya kori ji.

Wani ya ce: "Wake yana cin itace." Gaskiya ne. Amma in an jiƙa shi tun dare, yana nuna da wuri. Murhu mai tattalin itace, irin su Mai Sauƙi na ƙarhe ko Albarka na laka, yana rage ɓarna. Ana iya dafa na rana da na dare gaba ɗaya.

Wata ta ce: "Akwai lokacin da lemu ke tsada." Haka ne, musamman cikin azumi. Ranar nan ki yanka ɗanyen tumatur bisa, shi ma yana da bitamin C. Garin ƴaƴan kuka ma yana da shi da yawa, a dama a sha bayan abinci. Tsamiya tana ba da tsami mai daɗi, amma ba ta kai lemu wannan amfani ba. Wanda ke da ɗan hili da ruwan wanke-wanke marar sabulu, ya dasa iccen lemu. Shekaru kaɗan ne ya daina saye.

Abu biyu na kiyayewa

Na ɗaya, shayi. Mun saba da an ɗauke kwano sai a ɗora buta. Shayi yana ɗaure sinadarin ƙarhe na cikin wake da ganye, ya hana shi shiga jiki. Abin da lemu ya buɗe, shayi ya ruhe. A jinkirta shi kamar awa guda bayan abinci. Mace mai ciki ta hi kowa bukatar kiyaye wannan.

Na biyu, kwanan shinkafa. Dafaffar shinkafa in ta daɗe a ajiye cikin zahi, wasu ƙwayoyin cuta suna yaɗuwa cikinta, su bar dahi. Ɗumame ba ya kashe dahin nan, lemu ma ba ya kashe shi. Daga nan sai amai da zawo. Saboda haka a dafa daidai ci. Wannan ma wani dalili ne na rage yawa.

Kammalawa

Ƴan'uwa, ban ce ku bar shinkafa ba. Ni ma ina son ta. Na ce a maida ta matsayinta. Tuwo da hura su riƙe gidansu. Wake da zogala su hau tire. Shinkafa ta zo kaɗan, da ƙamshinta, da ɗan tsaminta, ta raka su.

Mun koyi karatu don mu karanta takardar likita da wasiƙar ɗan'uwa. Mun koyi lissahi don kada a cuce mu a kasuwa. To, a kai ilimin nan har madafa. Ranar kasuwa mai zuwa, ka rage gwangwani guda na shinkafa, ka sayi wake da lemu 2 da kuɗin. Rigakahi ya hi magani. Allah ya ba mu lahiya da wadatar zuci, amin.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Dunƙule nawa ake sawa a gidanku a wuni? Nawa ke nan a wata?

2. Domi ake matsa lemu bayan an sauke tukunya?

3. Waɗanne kayan yaji ake samu a kasuwar garinku? Rubuta sunan guda 5.

4. Wane ganye ne ya hi araha a garinku yanzu, wanda za a iya ci da shinkafa?